Ramuka Biyu a Bayan Farin Layi

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa daga ɗanki, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ƙannena. Yaya aikin asibiti, yaya tsayuwa? Mu nan sai godiya. Tarin Kaka ya sake shi, saura gwiwar hagu da ke yi masa tsiya da safe. Yana cin abinci, yana zagina, kin ga kuwa lafiya ta samu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Shekaranjiya wata mota ta tsaya a bakin lungunmu ta kasa shigowa. Wani mai kwat ya fito yana tsallake kwata, yana tambayar gidan Kibiya, sunan Kaka na zamanin tsere. Duk layin ba wanda ya san wani Kibiya. Sai Matar Tela ce ta leƙo ta taga ta ce, “Ko tsohon nan na ɗakin ƙarshe kake nufi?” Tsohon nan! Ashe sakataren kwamitin filin wasa ne. Sun kankare tsohuwar tokar kwal da ke kan hanyar tsere, sun shimfiɗa jar roba, za a buɗe ƙarshen wata mai zuwa. Suna son zakaran farko na ƙasar nan ya tsaya a layin tashi, a rataya masa lamba a gaban jama'a.

Ubanki ne, kin fi ni sanin labarin. Amma bari in maimaita, don na lura a danginmu an fi tuna ciwon gwiwar da ƙafar kanta. Masinja ne a gidan waya, ƙaramin da ba a ba shi keke. Da ƙafa yake kai tangaraho, ba ko takalmi. Wani akawun jirgin ƙasa ya gan shi ya wuce mai keke a kan gada, ya sa sunansa a tseren ma'aikata. Ya tsaya a layi da 'ya'yan manya masu takalmin ƙusa, suna kallon ƙafarsa suna dariya. Bindiga ta tashi, daga nan ƙeyarsa kawai suka ƙara gani. Shekara da shekaru ba wanda ya riga shi taɓa zare a yadi ɗari. Ba a bakinsa kaɗai na ji ba. Ni da aka ce na bar makaranta na lalace, ni na je ɗakin karatu na gari na sa aka sauko mini da tsofaffin jaridu, na karanta da idona, ƙura na shiga mini hanci.

Na ce masa, “Kaka, za a karrama ka.” Ya ce, “Sai yanzu? To su jira in ɗaura takalmi.” Can ya ce, “Aboki, ƙasar filin da laima ko ta bushe?” Na ce ai yanzu roba ce. Ya ce, “Roba irin ta ƙafar mota? Kai dai ƙarya ba ta yi maka wuya.” Sai ya jawo ɗan cokalin gininsa daga ƙarƙashin matashi ya hau goge shi. Kin san shi, mai mariƙin katako, wanda yake haƙa ramukan tashi da shi a zamaninsu, kafin a ƙirƙiro ƙarfen da masu gudun yanzu ke tokarawa. Har yau ina ɗebo masa man inji daga maɗaba'ar da nake aiki yana shafa masa.

Don haka maganar nan da kike liƙa mini a ƙarshen kowace takarda, wai in haɗa masa kaya ya koma wurinki, a ajiye ta haka nan. Mantuwar tsufa ce kawai. Ya kira ni da sunan Babana, ya nemi hularsa tana kansa. Ni ma ina neman biro yana kunnena. Tun rasuwar Babana ni ke yi masa wanka, ni ke yanke masa farce, ban taɓa kawo miki ƙara ba. Wurina zai zauna.

Ina kwat ɗinsa mai tambari a aljihu, wadda aka ba su lokacin tafiya ƙasar waje? Tana akwatinki ko a nan aka bar ta?

Ɗanki,
Barkono

*

Barkono,

Na samu takardarka, na ji daɗi da tari ya tafi. Mu ma lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓi ta warke. A tsaye nake rubuta wannan a kan teburin magani. An kawo mana marasa lafiya fiye da gadajenmu, mai kai wasiƙu kuma yana jirana a ƙofa.

Kada ka kai Baba filin nan. Ka je ka ba sakataren haƙuri, su kawo lambar gida su rataya masa a ɗaki. Ba na son taron jama'a su ga Baba a yadda yake yanzu. Akwai abin da ban gaya maka ba, ba zai shiga wannan guntuwar takarda ba. Zan zauna in rubuto maka da kyau in na samu sarari. Kafin nan ka ji maganata sau ɗaya a rayuwarka.

Kwat ɗin tana nan wurinku a ƙasan akwatin ƙarfe, amma asu ya ci kafaɗar. Ka riƙa gasa masa gwiwar da ruwan ɗumi kafin ka shafa man.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa. Allah ya ƙara wa ƙaramar lafiya. Kaka yana nan ƙalau, gwiwa da sauƙi.

“A yadda yake yanzu.” A bakin injin yanka takarda na karanta layin nan, na yi ta maimaita shi har Maigida, mai maɗaba'ar, ya daka mini tsawa kada in bar yatsa a cikin takardun mutane. Yaya yake yanzu, Gwaggo? Haƙora sun zube? Hannu na rawa? Yana zubar da shayi a gaban riga? Ki fito fili kawai ki ce kunyarsa kike ji. Kin zama babbar nas, kina zaune a gidajen ma'aikata masu furanni a ƙofa, kada abokan aikinki su buɗe jarida su ga tsoho da kwat ɗin da asu ya ci, su ce ai uban Sista ne.

Wannan da kike son a kulle a ɗaki, shi aka sa a jirgin ruwa da sunan ƙasar nan. Makonni yana kan teku, yana amai yana atisaye a tsakanin igiyoyi, ma'aikatan jirgi suna yi masa dariya. Ya sauka a ƙasar sanyi da ƙafafu kamar na aro. Duk da haka ya kai tseren ƙarshe, ya zo na huɗu, faɗin ƙirji ne tsakaninsa da na uku. Na huɗu ba a ba shi komai. Da ya dawo, waɗanda suka raka shi tasha da tafi ko ɗaya bai je tarbarsa ba. Me suka ba shi daga baya? Tsintsiya da bokitin farar ƙasa. Ya ƙare ƙarfinsa yana jan rola a filin da ya yi suna, yana zana wa 'ya'yan wasu layi. Da rolar nan ya ja ki har kika sa farar hula. Yau sau ɗaya za a kira sunansa a lasifika yana da rai, ki ce a kawo masa lamba ɗaki a ɓoye kamar maganin basir.

“Akwai abin da ban gaya maka ba.” Ai kullum akwai. Ku masu takardar shaida ba kwa rasa abin da ba ku gaya wa irinmu ba. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi, ni za a ba labarinsa daga nesa?

Tela ya ɗinke kafaɗar, sai ka matso za ka gane. Kaka ya sa kwat ɗin, ya tsaya gaban madubin shago, ya daɗe yana kallo, ya ce, “Wane ne wannan tsohon da ya sace mini kwat?” Har Tela sai da ya ajiye almakashi don dariya. In wannan ne gushewar hankali, to ya fi mu hankali.

Ni dai ba na jin kunyarsa. Zan riƙe hannunsa tun daga ƙofar gida har farin layi, in tsaya a gefensa a ɗauke mu hoto, in aiko miki da shi ki ɓoye a ƙarƙashin katifa.

Barkono

*

Ɗana Barkono,

Ina fata kuna lafiya kai da Baba. Mu lafiya lau. Takardarka ta zo, na karanta na yi fushi, na sake karantawa na yi dariya. Bakin yayana babanka sak, Allah ya ji ƙansa, shi ma sai ya gama faɗa yake tambayar me aka ce. Ba zan rama ba, lokaci ya ƙure. Ka karanta wannan a zaune.

Ka tuna bara da Baba ya yi damina a wurina? Wata rana aka zana fararen layuka a ciyawar gidajenmu, 'ya'yan ma'aikata za su yi tsere. Ina ɗakin marasa lafiya aka aiko in zo maza. Na tarar da Baba a durƙushe a bayan layi da cokalin nan, ya tone ciyawa, mai lambu yana ihu a kansa, matan likitoci sun cika tagogi. Na ce, “Baba, tashi mu je.” Ya kalle ni bai san ni ba. Ya ce, “Yarinya, fita daga hanya, za a tashi.” Ya sa ƙafafunsa a ramin, ya ɗaga ƙugu. Sai wani ya rufe ƙofar mota da ƙarfi. Barkono, ya zabura. Taku biyu ya yi ya kife. Na ce maka ya faɗi a tsakar gida, to faɗuwar ke nan, can gwiwar ta samo asali.

Ban ba ka labarin dalla-dalla ba don na san abin da za ka ce: Gwaggo ta ƙirƙiro dalili za ta ƙwace shi. A lungunku daga siminti sai kwalta, ba farin layi, shi ya sa ba ka taɓa gani ba. A ɗaki Baba ne, mai wasa da zagi. Amma in ya ga farin layi a ƙasa sai shekaru su zube masa, ya koma saurayin nan na cikin jaridunka, kuma ba ya jin kiran kowa. Abin da nake nufi ke nan. Ba haƙoransa ba, ba kwat ba. Hotonsa da kwat ɗin nan yana bangon ɗakina, duk wanda ya shigo sai na nuna masa.

Na san ka, tunda ka ce za ka je sai ka je. To abu uku. Ka cire cokalin daga aljihunsa kafin ku fita, ka laluba da kanka. Ka roƙi sakataren kada a harba bindiga yana kusa. Kuma duk abin da zai faru, kada ka saki hannunsa. Taro ba shi da tausayi, amma in ya ga tsoho da nasa a gefe yana rage baki.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida maigida da yara. Lafiyata ƙalau. Ta Kaka zan zo kanta.

Takardarki ta iso bayan an gama komai. Mai kai wasiƙu ya jefa ta shagon wani tela na ɗaya layin maimakon na Telanmu, ta yi kwanaki a can ƙarƙashin dutsen guga kafin wani ya kula. Da na karanta sai na zauna a bakin kwata kamar wanda aka mara.

Ga yadda aka yi. Mun isa da wuri, aka zaunar da mu a rumfar manya, har da ruwan sanyi. Jawabi ya bi jawabi, mai tumbi ya miƙa wa mai tumbi. Kaka ya yi gyangyaɗi, ya farka ya ce, “Har yanzu ba a fara ba? A zamaninmu da tuni an gama an share fili.” Can aka kira a lasifika: Kibiya! Gwaggo, filin nan gaba ɗaya ya ɗauka. Muka sauka, muka taka jar robar, laushi kamar katifa. Ya miƙe tsaye sosai, ɗingishin ma ya bar shi. Na ce a raina, ina ma Gwaggo tana nan ta ga yadda yake yanzu.

Sai ga farin layi. Ya tsaya cak. Ya juya, ya sa dugadugi a kan layin, ya auna baya da tafin ƙafarsa, ya durƙusa. Jama'a suka yi tafi, sun zaci nuni ne irin na tsofaffin 'yan wasa. Shugaban kwamiti yana tsaye da lamba a hannu yana murmushi. Sai Kaka ya sa hannu a aljihun kwat.

Roba ba ta haƙuwa. Ya soka, cokalin ya dawo. Ya gyara zama ya ƙara. Ƙarfin nan ban san inda ya ajiye shi ba. Bakin cokalin ya shige, ya ɗago wani yanki kamar tafin hannu, baƙar kwalta ta bayyana a ƙasa. Daga can rumfar talakawa wani ya yi ihu, “Baba, a sa taki!” Shi ke nan. Dariya ta zagaye filin kamar wuta, har manyan suna rufe baki da takardar shirin biki. Masu gadi suka zo a guje. Aka murɗe cokalin daga hannunsa, aka ɗaga shi ta hammata, takalmansa na jan ƙasa, yana cewa, “Saura ɗaya! Saura na baya!” Wata yarinya cikin masu tsere, da lamba a ƙirji, ita ta ture hannun mai gadi, ta riƙe shi ta kai shi inuwa ta ba shi ruwa. Lambar yabon kuwa a cikin ambulan aka miƙo ta a bakin ƙofa, kamar sakamakon gwajin jini.

Mutanen banza. Jikokin waɗanda suka yi wa ƙafarsa dariya ne, ba su canja ba. Cikinsu wa ya san me yake haƙawa? Wa ya san cewa kafin robarsu sai da wani ya durƙusa a nan? Su dai a ba su abin dariya su koma gida.

Ba a nan ta tsaya ba. Kin san jaridar mako a maɗaba'armu ake buga ta. Shafin farko, hoto rabin shafi, da manyan baƙaƙe: KIBIYA YA KOMA NOMA. Ni na yanka ta. Ni na ɗaure ta dami-dami na loda a mota. Duk inda na juya Kaka ne a durƙushe, sama da ƙasa, har rufi. Mai haɗa baƙaƙe yana wucewa ya ce, “Barkono, yaushe za ku yi shuka?” Da ba don Maigida ya shiga tsakani ba da yanzu daga ofishin 'yan sanda nake rubuto miki. Ga shafin nan na yanko na sa miki, ki ga irin 'yan jaridar da muke da su.

Kaka tun ranar bai zage ni ba. Yana juya fuska bango. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Hannunsa yana shiga ƙarƙashin matashi ya fito ba komai, ya sake shiga. In na kawo ruwan gashi yana miƙo gwiwar, amma ba ya kallona.

Kin yi gaskiya a kan cokali. Ban ce kin yi gaskiya a kan sauran ba. Zai ware, ni na san shi.

Barkono

*

Barkono,

Ina fata Baba ya fara cin abinci. In bai ci ba ka dama masa abu mai ruwa-ruwa, ka zauna kusa da shi ko bai kula ka ba. Mu lafiya.

Na ga shafin. Na yi kuka na share, sannan na sa tabarau na kai shi bakin taga. Na ga Baba. Na ga masu gadi biyu. Na ga yarinyar nan tana tahowa a guje, Allah ya yi mata albarka, ko 'yar wace ce. Na nemi hannunka a kusa da nasa ban gani ba. Na ce wataƙila mai hoto ya yanke ka. Sai can baya, jikin sandar tuta, na ga wani saurayi da riga mai ratsi, irin wadda na aiko maka bara. Ya juya kafaɗa, ya sunkuyar da kai cikin takardar shirin biki, kamar ranar ya fara ganin rubutu.

Ka yanka jaridar nan dami-dami, ka ce ko'ina ka juya Baba kake gani. Ban sani ba ko ka duba bayansa.

Ba zagi na rubuto ba. Na nemi hutu an ba ni. Zan zo ƙarshen wata in tafi da shi. Ka wanke masa kaya.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ki yafe jinkirin amsa. Na fara takardar nan na yaga, na sake na yaga, kwandon maɗaba'a ya ci rubutuna ya ƙoshi. A cikin ɗaya na ce miki ba ni ba ne, riga mai ratsi ta cika gari. A wata na zagi mai hoto. Kaka yana cin abinci yanzu, gwiwa na nan yadda take.

Ni ne. Na gani tun damin farko, na yi fatan idonki ya tsufa. Da dariyar nan ta tashi ban san lokacin da ƙafata ta ja baya ba. Babban mai gadi ya yi ta ihu, “Wa ya zo da wannan tsohon? Ina nasa?” Ni kuwa ina karanta shirin biki. Takardar da ni na yanka ta da hannuna, na san abin da ke ciki tun kafin tawada ta bushe. Duk bakin nan nawa, ranar ko tari ban yi ba.

Bayan takardarki na je filin neman cokalin. Na tarar da babban mai gadin a ɗakin ajiya, ma'aikata suna zaune a ƙofa suna shan shayi. Sun liƙe wurin da sabuwar roba, janta ya fi na sauran, daga nesa ana gani. Na ce na zo karɓar cokalin tsohon nan. Ni ma “tsohon nan” na ce, Gwaggo. Ya ce, “Kai wane ne nasa?” Na ce jikansa. Ya sa hannu a kunne. “Wa?” Na ce jikansa ne ni. Ya juya wurin masu shayi ya ce, “Ikon Allah! Ashe yana da jika. Ranar mun yi ta cigiya ba a samu mai shi ba.” Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Ya jawo cokalin daga bayan bokitan fenti, ya goge shi da gefen rigarsa kafin ya ba ni. Bakin ya ɗan lanƙwashe.

Na ajiye wa Kaka a kan matashi. Ya duba, ya shafa bakin da babban yatsa.

Ranar da ba aiki na tashe shi da hantsi na ce mu je shan iska. Kin san bayan maɗaba'a, inda muke ƙona ragowar takardu? Ƙasar wurin ta gauraye da toka, baƙa, tana da ɗan danshi. Na riga na zana layi da farar ƙasa tun da safe. Na riƙe hannunsa. Da ya ga layin na ji hannun ya yi ƙarfi a cikin nawa, amma ban saki ba, tare muka durƙusa. Ya damƙi ƙasar, ya murza, ya shinshina, ya ce, “Yauwa. Wannan ita ce ƙasa.”

Na zaci nasa zai haƙa. Sai ya ce, “Cire takalmi.” Ya kama ƙafata ya auna daga layi, ya sa gwiwata inda yake so, ya ja zane da bakin cokali. Yana haƙa yana bayani, muryarsa garau. Na gaba bai cika zurfi ba. Na baya bangonsa a tsaye, a daddaɓe shi da bayan cokali, in ya rufta ka tafi da fuska. Ƙasar da ka fitar ka tara ta gefe, kada ka watsa a hanyar maƙwabcinka. Ya gama duka biyun, na baya ma. Ya daɗe yana kallonsa.

Na sa ƙafafuna. Ya ce ɗaga ƙugu, na ɗaga. Ya ce, “Ba kamar akuya za ta sha ruwa ba.” Ya tafa hannu, na zabura, na yi tuntuɓe na ci toka. Ya yi dariya har da tari. Rabona da jin dariyarsa tun shagon Tela.

Ina kakkaɓe gwiwa sai ya ce, “Barkono.” Ba sunan Babana ba, ba aboki ba. Na ce na'am. Ya ce, “Tashi ne ba ka iya ba. Gudu kam ka iya. Ranar nan a fili ina ɗago kai na ga har ka kai sandar tuta. Ni kaina ina saurayi ban taɓa yin wannan saurin ba.”

Gwaggo, a cikin murmushi ya faɗa. Ya miƙo mini cokalin ya ce, “Cike ramukanka. Ba a barin rami a buɗe, wani zai karye.” Na cike, ya sa na tattake.

A hanyar gida na gaya masa za ki zo. Na so ya yi faɗa, ya ce ba inda za shi, in samu abin rubuto miki. Sai ya ce, “Ta kyauta. Ita hannunta ba ya zamewa.” Muka ƙarasa lungu. A bakin ƙofa na miƙa masa cokalin ya sa a aljihu, ya ture hannuna. Ya ce in riƙe, a wurinki ciyawa ce, masu ita ba sa son rami.

Kayansa na wanke, na goge, suna cikin akwatin ƙarfe. Kwat ɗin tana sama, lambar tana aljihunta, har yau bai buɗe ambulan ɗin ba. Man gwiwa ya kusa ƙarewa, ki taho da wani. Ki rubuto mini motar da za ki shigo, zan zo tasha.

Ɗanki,
Barkono